Rasuwar Mai-Ido-Ɗaya a Cikin Rumbun Labo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, ni Illa Maikano, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Birnin Ƙonni, wanda yara ke kira Mushe Jirgi, wato Malam Jirgi da Faransancin bakinmu, idan sun ɗauka ba na ji, nake sanar da 'yan uwa, da abokai, da maƙwabta, da waɗanda suka daɗe suna yi mini dariya, rasuwar kyamarata kuma abokiyar tafiyata, wadda aka fi sani da Mai-Ido-Ɗaya. Ta cika ranar wata Talata da hantsi, cikin daminar wannan shekara ta 1996, a ƙauyen Bazaga, a ƙasan rumbun Labo, a hannuna. Idan na ce a hannuna, ba irin faɗar masu ta'aziyya nake yi ba. Hannun nawa ne ya yi aikin. Za a ji dalili a ƙasa, kuma wanda zai zarge ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

An haifi marigayiya a ƙasar Rasha, a shekarar da ba wanda ya sani, don takardunta duk da rubutun can ne, mai kama da haruffan da aka duba a madubi. Ta shigo Nijar cikin akwatin wani ɗalibi da ya tafi karatun injiniya ya dawo da sanƙo da ita. Daga hannunsa na karɓe ta a 1983. Baƙa ce, mai nauyin ƙaramin dutsen niƙa, da igiyar fata wadda ta bar mini kanta a bayan wuya, alamar da zan shiga kabari da ita. Ba ta cin batir, ba ta neman hutu. Ta taɓa faɗowa daga bayan akori-kura a hanyar Gusau, kuma iyakar sanina kwalta ce ta ji ciwo.

Ba mai yawan magana ba ce. Kalmominta a duniya biyu ne. In an ja hannun da ke juya fim sai ta ce ƙirrr, in an danna ta sai ta ce ƙwas, da ƙarfin da ke tada tantabaru daga kan rufin tasha. Ban taɓa jin ta faɗi ta uku ba, kuma ban taɓa jin ta faɗi ɗaya cikin biyun nan a inda bai dace ba. Mutane kaɗan na sani da za a yi wa wannan shaida.

Aikinta guda ɗaya ne tun da ta zo hannuna: ɗaukar hoton jirgin ƙasa na kaya. Na san abin da mai karatu zai ce, don an riga shi faɗa a kowace majalisa daga Ƙonni har Badagishiri. Ƙasarmu ba ta da layin dogo ko na tsawon tabarma. Mutumin Ƙonni mai son jirgin ƙasa daidai yake da mutumin Agadas mai tara kwale-kwale. Na sani. Ni ne nake koya wa yara jirgi daga zanen littafin karatu, su maimaita sunansa da Faransanci da murya ɗaya, sannan wani daga baya ya ɗaga hannu ya tambaye ni jakai nawa ke jan sa.

Ciwon ya kama ni tun ina yaro, shekarar da mahaifina ya tafi da ni Ƙaura Namoda sayar da wake. A can dogo ya ƙare, ko kuma a can ya fara, ya danganta da inda mutum ya fuskanta. Ina zaune kan buhu sai na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashina. Na ɗaga kai na ga abu ya taho yana jan gari guda a bayansa, tarago bayan tarago, gyaɗa, auduga, fatu, shanu suna leƙe ta tsakanin katako. Ba ya sauri, ba ya waiwaye, bai damu da kowa ba. Tun ran nan ban warke ba. Jirgin fasinja bai taɓa burge ni ba, mutane ne kawai cikin akwati suna shan rake suna tofar da tsaki ta taga. Na kaya shi ne jirgi.

Ba a maganar marigayiya a bar Alkasum. Alkasum mutumin Bazaga ne, direban kamyo, babbar motar da ke ɗaukar siminti daga Malbaza, dogo, siriri, mai manyan kunnuwa da suka tsaya a gefen hula kamar hannuwan tukunyar ƙarfe. Bai damu da hoto ba. Ban ma tabbata ya damu da jirgi ba da farko. Ya raka ni tafiyar fari ne don a cewarsa malamin lakwal in ya tsallaka iyaka shi kaɗai, sai an sayar masa da agogon da ke hannunsa. Daga nan abin ya zama jiki. Duk hutun lakwal, in ya samu sarari, sai mu kama hanya: Illela ta Najeriya, Sakkwato, Talatar Mafara, Gusau, Ƙaura. Ni da marigayiya a wuya, shi da buta da lema da kayan shayi.

Mun raba aiki tun farko: ni ido, shi kunne. Yakan zuba wa ƙarfen dogo ruwan buta kada ya toye, ya durƙusa ya ɗora kunnen nan a kai, ya lumshe ido kamar likita mai sauraren ƙirji. Sai ya tashi ya karkaɗe gwiwa.

"Mushe, shirya ɗiyarka. Shina tahowa, kuma da nauyi."

Ko kuwa ya ce, "Sha shayinka, ko ƙuda babu bisa ƙarhen ga."

Ban taɓa kama shi da kuskure ba. In ya ce jirgi na tafe, kafin shayi na biyu ya huce za a ga hayaƙi. Shi ne ke riƙe lema a kan marigayiya kada rana ta dake ta, ni kuwa rana ta yi abin da ta ga dama da ni. Sau ɗaya wani mai kaki ya tsare mu a wata ƙaramar tasha, ya ce 'yan leƙen asiri ne. Ni na fara haɗa bayani da Faransanci, abin da ya ƙara dagula lamarin. Alkasum ya ture ni gefe.

"Ranka shi daɗe, in mun saci asirin jirginku, bisa mi za mu ɗora shi? Ƙasarmu ko dogo babu."

Mutumin ya yi dariya har ya zauna ya sha shayinmu, kuma shi ya nuna mana tudun da ake ganin jirgi tun daga kwana.

Halayen marigayiya na kirki suna da yawa. Mai haƙuri ce. Takan yi yini a bakin dogo ba ta ce uffan ba. Mai riƙon amana ce. Abin da ta gani tana ajiye shi cikin duhun cikinta har sai an kai shi wanki. Kuma ba ta son shagali. An gayyace ta suna, an gayyace ta ɗaurin aure, an gayyace ta rabon kyaututtuka na ƙarshen shekara a lakwal, duk ta ƙi, ta bakina. Amsata ɗaya ce kullum: fim na jirgi ne. Na ɓata da mutane a kan wannan magana. Uwargida Ramatu, wadda ta yi zaman haƙuri da mu biyu, takan faɗa wa baƙi, "Ni da na haihwa mishi biyar, hotona guda, shi ma don na tsaya kusa da wata tirela da ta yi mishi kama da tarago." Ba gaskiya ba ne gaba ɗaya. Tirelar ba ta yi kama da tarago ba, na dai so in gwada haske ne.

A 'yan shekarun nan jiragen suka fara ƙaranci. Da muna kwana ɗaya mu ga biyu. Aka koma muna kwana biyu mu ga ɗaya. Ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa, awaki suka gano inuwar taragun da aka ajiye, mata suka fara shanya barkono a kan dandamalin tasha. Marigayiya ba ta yi gunaguni ba, amma na lura hannunta ya fara tauri, ƙirrr ɗinta ta fara shaƙewa kamar ta tsohon da ya tashi daga barci.

Ciwon ajali ya same ta a tafiyarmu ta bazarar bana. Na bar ta a kan tabarma na tafi alwala. Da na dawo na tarar da Alkasum ya ɗora ta a cinya, gashin kaza a hannu ɗaya, gwangwanin giris a gefe. Wanda ya san direbobi ya san aƙidarsu: babu ciwon ƙarfe da giris ba ya magani, in bai yi ba to bai isa ba ne, a ƙara.

"Alkasum, mi ka yi mata?"

"Na ba ta magani. Kamyo mai taya goma na tada da girisin ga, balle wagga 'yar aba. Gwada ka ji."

Na gwada. Wallahi ƙirrr ɗin ta dawo kamar ta amarya. Na yi masa godiya, har na ce a Rasha ma ba su san wannan dabara ba. Ba mu san cewa rairayin bakin dogo na bin girisin yana shiga ciki ba, ƙwaya bayan ƙwaya. Na yafe masa tun ran nan, kuma ina so a rubuta haka.

Muka yi kwanaki a Ƙaura ba jirgi. Na ɗauki akuya, na ɗauki sandar sigina, na ɗauki akuyar kuma daga wani gefen. Ranar da za mu juyo, da la'asar, haushi ya sa na ce masa ya tashi ya tsaya tsakiyar dogo in ɗauke shi, kada mu koma gida da fim ɗin awaki.

"Yau kuma ni na zama jirgi? Shekara nawa ina riƙe muku lema, sai da jirage sunka ƙare anka tuna da ni?"

Duk da haka ya tashi. Ya gyara hula, ya karkaɗe riga, ya miƙe hannuwa a gefe kamar sabon soja, butar nan a hannunsa don ya manta ya ajiye ta. Na sa ido, na daidaita, yatsana na kan madanni. Sai kawai ya ce, "Saurara!" ya juya kai wajen kudu. Marigayiya ta ce ƙwas. Wanne ya riga wani, ƙwas ɗin ko juyawar, ban sani ba. Na ce ya tsaya in sake. Na ja hannun, ta ce ƙir, ta tsaya nan. Na matsa, ta ƙi. Na kama ɗan ƙullin da ake naɗe fim da shi, wanda shi ne kuma ke buɗe bayanta, na murɗa da fushin malamin lakwal, ya karye ya bar ni da rabinsa a yatsu. Ta kulle da abin da ke cikinta.

Alkasum ya duba, ya ce, "Bari, in mun dawo hutun damina ka sake. Huskar tana nan, ba inda za ta." Sannan ya durƙusa ya ɗora kunne a kan ƙarfe, ya daɗe. "Na ji shi, Mushe. Nesa, amma shina nan."

Muka jira har aka kira magariba. Muka naɗe tabarma.

Da ruwan farko ya sauka, Alkasum ya tafi gona shuka, ya dawo da zazzaɓi. Bai yi mako a kwance ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Liman ya hana ni ɗora wannan kalma a kan kyamara, kuma ya yi daidai. Na ajiye ta ne don wanda ya cancanta. Allah ya jiƙan Alkasum, ya haskaka makwancinsa, ya sa kunnen nan ya ji kira mai daɗi ranar tashi.

Bayan sadakar arba'in na je Bazaga gaida Shatu, matarsa, wadda ke cikin takaba. Ta amsa gaisuwata daga bayan labule. Autarsu Zainabu, wadda ba ta kai shiga lakwal ba, tana wasa da murfin kwano a bakin ƙofa. Har na yunƙura zan tashi sai Shatu ta ce:

"Malam Illa, duk yawon ga da kunka yi da mai gidan ga, ka ba ni hotonai guda in aje ma yarinyar ga. Na katin tuƙi ruwa ya ci rabi, hatimi ya ruhe sauran. Jiya ta tambaye ni ko babanta na da gemu."

Na ce akwai, da yawa ma. Da gaske na faɗa. Na koma gida na zazzage kwalaye a tsakar ɗaki, hotunan shekara da shekaru, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na samu kan jirgi daga gaba, daga gefe, daga ƙarƙashin gada. Na samu tarago mai shanu, tarago mai gishiri, tarago wanda ba komai cikinsa sai kyau. Na Alkasum kuwa, ga abin da na samu: gwiwar hannunsa a gefen wani hoto na Gusau; inuwarsa da ta lema a kan tsakuwa; takalminsa na dama; hayaƙin shayinsa ya ratsa gaban wani kan jirgi, hoton da na yi masa faɗa a kai har muka yi rabin hanya ba ma magana. Mutumin da ya tsaya kusa da ni a kowane ɗaya cikin hotunan nan, babu shi a ko ɗaya. Ramatu ta zauna ta taya ni nema ba ta ce komai ba. Wannan shirun nata ya fi ba ni tsoro a kan duk gorin da ta taɓa yi mini.

Sauran wuri ɗaya, cikin marigayiya.

Na kai ta wurin Ɗahiru mai gyaran agogo da rediyo a bakin kasuwar Ƙonni. Ya sa gilashinsa a ido, ya juya ta, ya shinshina ta, ya tambayi wanda ya ba ta giris. Na ce ya riga mu gidan gaskiya. Ya ce to Allah ya jiƙan shi, ya haɗiye sauran maganar. Sannan ya yi mini bayani da muryar ungozoma.

"Mushe, biyu ce. In uwar kaka so, ka bar mini ita in kwance ta daga sama sannu-sannu, da rana, da gilashina. Tana tashi, amma haske na shiga, abin da ke cikinta ya tahi. In abin cikin kaka so, sai a ɓalle ta ta baya cikin duhu, da ƙarhi. Kuma irin ƙarhen ga in ya tsage ba mai ɗinke shi, ko Kano ka kai ta."

Zan so in rubuta cewa ban yi jinkiri ba, amma sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce. Na yi. Na zauna da ita ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gidana ina lissafin da ba na allo ba. Irinta ba ta sake zuwa ƙasar nan. In na fasa ta, na gama da bakin dogo, don ba zan koma can da hannu biyu ba, ba ido ba kunne. Kuma ban ma san abin da ke ciki ba: fuska, ko ƙeya. Sai dai duk inda na juya lissafin, sai in ji yarinya tana tambaya ko babanta na da gemu. Yana da shi, ɗan kaɗan a haɓa, wanda yake ja in yana sauraren ƙarfe. Ni na san haka. Ita nan da shekara biyu ba za ta sani ba.

Saura neman duhu. Ɗahiru ya ce ba dare yake nufi ba, don dare na da wata, yana da fitilar maƙwabta, kuma kwanon rufina ya fi rariya huji. Duhun da yake nufi shi ne wanda mutum zai ɗora tafinsa a kan hanci bai gan shi ba. Na gwada ƙarƙashin gado, na gwada cikin bargo biyu, na gwada ɗakin ajiyar lakwal. Ko'ina sai wani ɗan haske ya biyo ni kamar mai bina bashi. Ramatu ta tarar da ni na cusa kai cikin tulun da ba ruwa.

"In duhu kaka nema, Malam, ai kanka ya isa."

Na ji daɗin maganar, don na gane ta fara samun sauƙi.

Labo, yayan Alkasum, shi ya raba gardama. Da na ba shi labari a zauren gidansu, ya ɗaga kai yana kallon rumbunsa na laka, irin manyan nan masu tumbi da hular ciyawa, waɗanda ba su da ƙofa sai baki a sama. Mutanen birni ba za su gane nauyin abin da ya biyo baya ba. A ƙauyukanmu ba a leƙa rumbun mutum. Ko matarsa ba ta hawa, shi ke shiga ya miƙo dami. Balle a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ja baya sabo bai nuna ba, lokacin da ƙasan rumbu shi ne asirin gida. Ga shi bana bakin da yake ciyarwa ya ƙaru da na iyalin ƙanensa.

"Mushe Illa," in ji shi, "tun da anka gina shi ba wanda ya shiga sai ni. Ka shiga. Amma abin da ka gani ciki, ka bar shi ciki."

"Yaya Labo, ai dalilin shigar ke nan, ba na ganin komai."

"To ƙahwarka ma kada ta ba da labari."

Ya shiga ɗaki ya fito da turnabis, abin kwance ƙusa, mai kan roba ja da ya sha baƙin mai. Na gane shi. Na Alkasum ne, daga jakar kamyonsa.

Aka kafa tsani, aka ɗage hular ciyawa. Wanda ya gina bakin rumbun nan bai yi shi don tumbin ma'aikacin gwamnati ba. Sai da Labo ya taimaka da tafin hannu a kafaɗata kafin na wuce. Ya mayar da murfi, ya shimfiɗa tabarmi, ya ɗora bargo. Na ɗora tafina a kan hanci. Babu shi. Zafi kamar cikin tanda, ƙaiƙayin gero yana bin wuya da hammata. Game da abin da ƙafata ta taka ko ba ta taka ba a ƙasan rumbun, ba ni da labari.

Na zauna na ɗora ta a cinya. Na shafa ta, na san kowane lungu nata ba sai da ido ba, har da ɗan lotsawar hanyar Gusau wadda na ce kwalta ce kaɗai ta ji ciwo. Na gaya mata abubuwan da ba su shafi mai karatu ba. Sannan na laluba bakin murfin baya, na cusa turnabis, na yi bisimilla, na danna. Ta ƙi. Ba ta taɓa buɗe cikinta ga wanda bai bi hanya ba, ba za ta fara ran nan ba. Na danna da nauyin jikina duka. Ƙarfe ya tsage. Kuma a daidai lokacin, abin da ya maƙale tun Ƙaura ya saki, ta ce ƙwas, da cikakkiyar murya irin ta ƙuruciyarta, har rumbun ya amsa.

Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Hoton ƙarshe da ta ɗauka na cikin rumbun Labo ne, kuma ta rufa masa asiri, baƙi ƙirin ya fito.

Na zare fim ɗin da yatsu, na naɗe, na sa cikin gwangwanin kofi, na ɗaure da baƙin ƙyalle, na ƙwanƙwasa bango. Da aka jawo ni waje idanuna sun yi ja suna zuba. Na ce ƙaiƙayi ne. Labo ya ce lalle geron bara akwai ƙaiƙayi, ya juya yana gyara hular rumbu, ya daɗe yana gyaranta.

Ban ba kowa saƙon ba. Ni da kaina na kai shi Sakkwato wurin mai wankin hoto, na zauna a benci har ya gama. Ya miƙo mini ambulan yana cewa awakin sun fito da kyau, amma guda ɗaya ya lalace, mutumin ya motsa, ko ya jefar? Na karɓa na duba.

Ga dogo ya miƙe har inda ido ya ƙare. Ga Alkasum a tsakiya, da riga, da buta. Ya juya. Ƙeya ce, da gefen kunci, da ɗan tsinin gemu in mutum ya san inda zai duba, da kunne guda, babba, a fili, rana ta haska shi ta baya har ya yi ja. Na fasa Mai-Ido-Ɗaya a kan ƙeya da kunne. A motar dawowa na yi ta dariya ni kaɗai har wata tsohuwa ta matsa ta ba ni wuri.

Sai da na yi kwanaki kafin na iya kai hoton Bazaga. Na miƙa wa Zainabu ta shigar da shi bayan labule, na fara ba da haƙuri, ina bayanin yadda ya juya, da yadda hannun ya maƙale. Can sai na ji muryar Shatu, ba da ni take ba.

"Shi ne. Wallahi shi ne. Tun da anka kawo ni gidan ga haka nika ganinai, daga bakin zaure, da buta, ya ba ni baya, kunnenai na wani wuri." Ta ja numfashi. "Zainabu, taho ki gani. Ga gemun nan, kin gani? Ga kunnen babanki. Taɓa naki ki ji."

Yarinyar ta fito bakin ƙofa, hoton a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da kunnenta. Ban taɓa lura ba sai ran nan. Hannuwan tukunya ne, sak.

Marigayiya ta rasu ta bar jakar fata guda, wadda ba ta san an yi mutuwa ba, har yanzu tana riƙe da siffarta. Da murfin ido, wanda ya ɓace tun 1989 amma muna sa ran zai ji labari ya dawo. Da lema mai karyayyen haƙarƙari biyu. Da kwalaye cike da 'ya'ya, duk taragu, waɗanda ba mai so sai ni da gara. Da ɗa guda a Bazaga, a jikin bangon ɗakin Shatu, cikin gilashi. Ta bar Ramatu, wadda ta ce ba ta yi kuka ba, albasar Galmi ce. Ta bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, a Bazaga, a gindin rumbun Labo ta gefen kudu. Ba za a yi mata salla ba, ba za a yi mata wanka ba, don ruwa bai taɓa karɓar ta ba, giris ma mun ga yadda aka ƙare. Za a naɗe ta cikin baƙin ƙyallen nan, a sa turnabis ɗin a gefenta, su sasanta tsakaninsu. Ɗahiru ya roƙi idonta don ya riƙa duba cikin agogo da shi, na ba shi, saboda ba ta saba zaman banza ba. Masu addu'a su yi wa Alkasum, ita ba ta da hisabi.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidana a Ƙonni, ƙarƙashin bedi, bayan la'asar. Akwai shayi, sai dai ba zai kai na da ba. Ina roƙon masu zuwa kada kowa ya ce mini za a samu wata. Kada kuma a kawo mini labarin cewa an kusa shimfiɗa dogo a ƙasarmu, na ji wannan tun ina da gashi. Wanda kuma yake son ya san ko jirgin ya zo ran nan a Ƙaura, ga amsa tun yanzu don kada ya tambaye ni a gaban mutane: ba mu gan shi ba. Amma Alkasum ya ce ya ji shi, kuma ban taɓa kama kunnen nan da kuskure ba. Ni dai na ɗauka mu ne muka yi saurin naɗe tabarma.

Mai sanarwa, a madadin iyalai biyu,
Illa Maikano, Birnin Ƙonni.